Bashin Nijar: wa ya ci, wa ke biya?

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Babu inda wannan magana ta zauna daidai kamar a zancen bashin da ke wuyan ƙasar Nijar. Soja su ce ƴan siyasa ne suka wawure dukiya, ƴan siyasa su ce gadon soja ne suka tarar. Ƴan ƙwadago su ɗora wa FMI da Bankin Duniya, waɗannan kuma su ce albashin ma'aikata ne ya cinye kasafin kuɗi. Kowane daga cikinsu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma babu mai son a haɗa yankunan wuri guda, domin in aka haɗa su kowa zai ga hannunsa a ciki.

Bashin ya samo asali ne daga shekarun wadata. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙo yuraniyom a Arlit cikin 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta cikin 1978. A tsakanin nan farashin ƙarfen ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatin Seini Kunce, wadda ta kifar da ta Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, ta samu kuɗin da ƙasar ba ta taɓa ganin irinsu ba. Aka sassauta wa talakan karkara nauyin lanho, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka ɗebi sababbi. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, aka buɗe mahaƙar gawayi ta Anu Araren, aka gina otel Gaweye da babban zauren taro a bakin kogin Isa, a birnin Yamai.

Sai dai ba duka ayyukan nan aka yi da kuɗin hannu ba. Bankunan ƙetare, da suke maƙare da kuɗin man fetur a lokacin, suna neman mai ranta ruwa a jallo, aka ci bashi bisa zaton farashin yuraniyom zai ɗore. Bayan haɗarin wata tashar nukiliya a Amurka cikin 1979, ƙasashe da dama suka ja da baya ga gina sababbin tashoshi, farashi ya faɗi, kuɗin ruwa kuwa ya hau a bankunan duniya. Cikin 1983 Nijar ta sa hannu kan yarjejeniya da FMI, ta kuma je Paris roƙon ƙasashen da ke bin ta su ɗaga mata ƙafa. Shekara guda bayan haka aka yi fari, Najeriya ta rufe iyakokinta, aka shiga yunwar nan da mutanen ƙasar Maradi ke kira El Buhari.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sharuɗɗan da FMI ta gindaya, da waɗanda Bankin Duniya ya ƙara daga 1986, ba ɓoyayyu ba ne: a daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aikin gwamnati kai tsaye, a tsayar da ƙarin albashi, a rufe ko a sayar da kamfanonin ƙasa masu cin asara, a rage kuɗin da ake ba ɗalibai. Maganin yana da ɗaci, kuma masu rubuta shi ba su cika damuwa da wanda zai sha ba. Amma akwai ɓarnar da ba daga Washinton ta zo ba. Bankin raya ƙasa na BDRN, wanda ya durƙushe cikin 1990, rancen da aka yi ta ba manya da masu uwa a gindin murhu, ba tare da sun mayar ba, yana cikin abin da ya kai shi ƙasa.

Ran 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Shaibu, ɗalibai suka fito daga jami'ar Yamai don nuna ƙin amincewa da tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. A kan gadar Kenedi aka buɗe masu wuta, uku suka rasa rayukansu bisa ƙidayar hukuma. Jinin nan ya buɗe ƙofar Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin jagorancin Andre Salifu. Taron ya kafa kwamitin binciken laifuffukan siyasa da na tattalin arziki, ya ɗora alhakin talaucin ƙasa kan tsofaffin masu mulki, ya kuma yi fatali da shirin gyaran tattalin arziki na FMI, bisa matsin ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN.

Gano mai laifi bai cika baitulmali ba. Masu ba da rance suka janye hannu, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadu Shaifu ta kasa biyan albashi a kan kari, har sojoji suka yi bore cikin Fabrairu 1992. Cikin Yuni na shekarar ta ƙulla hulɗa da Taiwan saboda rancen da aka yi mata alkawari, abin da ya raba ta da ƙasar Sin har 1996. Bashin nan na Taiwan ya bi Nijar har gaban kotunan Amurka shekaru da dama bayan an manta da inda kuɗin suka shiga.

Daga nan aka shiga musayar kujeru ba tare da waƙar ta canza ba. Cikin 1993 Mahaman Usman ya ci zaɓe, Mahamadu Isufu ya zama faraminista, ƙawancen AFC ya hau mulki. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsine wa tsuke bakin aljihu a zauren taro su ne suka zaftare albashi, USTN ta shiga yajin aiki, jam'iyyar MNSD da ke adawa ta yi ta nuna su da yatsa. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa a Dakar: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, bashin da ake bin ƙasa da kuɗin ƙetare ya ninka a dare ɗaya ba tare da an ƙara rantar ko dala ba. Cikin 1995 MNSD ta dawo gwamnati, Hama Amadu ya zama faraminista, shi ma ya nufi ƙofar FMI. Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki da hujjar rigimar ƴan siyasa ta tsayar da ƙasa cik. Cikin Yuni ya sa hannu da FMI, bashin albashi kuwa ya ci gaba da taruwa har rasuwarsa cikin Afrilu 1999.

Masu biya dai ba su canza ba. Malamin lakkal da ke ƙauye yana cin bashin hatsi wurin mai kanti yana jiran albashin wata da watanni. Ɗalibi yana ganin an soke shekarar karatu. Majinyaci yana zuwa likita da kuɗin magani a hannu. Manomi da makiyayi, waɗanda su ne mafi yawan ƴan ƙasa, ba su da albashin da za a riƙe, ba su da sandikar da za ta yi yaji dominsu; rabonsu shi ne rijiyar da ba a haƙa ba da hanyar da ba a gyara ba.

Zamanin Tanja Mamadu aka samu sa'ida. Nijar ta shiga shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi cikin Disamba 2000, ta cika sharuɗɗansa cikin Afrilu 2004, aka ƙara shafe mata wani babban kaso cikin 2006. Da kuɗin da aka huta biya aka gina azuzuwa da ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. Duk da haka giɓin kasafi bai rufe ba: cikin 2005 gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi kamar madara da fulawa, jama'a suka rufe kasuwanni a Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa har ta ja da baya. Bashi ya sake tsirowa, zuwa 2022 ya kai kamar rabin abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO da UEMOA, aka zaftare kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin shekarar, aka yi watanni ba a biya masu bin bashi ba, cikin Afrilu 2024 kuma aka karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin a kan man fetur ɗin da ba a kai ga sayarwa ba. Nan ma kowane ɓangare ya nuna ɗan'uwansa.

Abin da duk gwamnatocin nan suka yi tarayya a kai shi ne kashe abin da suke sa ran samu daga ƙarƙashin ƙasa, jiya yuraniyom, daga baya man fetur, alhali abin da lanho da duwan ke tarawa bai taɓa kusantar kashi 20 cikin ɗari na arzikin ƙasa da UEMOA ta shata cikin 2015 ba. Manyan ƴan kasuwa da kamfanoni suna samun sassauci, ƙaramin ma'aikaci kuwa tun daga tushe ake cire nasa.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ƙasar da ke son hanya da madatsar ruwa ba za ta guje masa ba. Abin da ɗan ƙasa ke da haƙƙin sani, tun kafin tawada ta bushe, shi ne wa ya sa hannu, nawa aka ranto, nawa ne kuɗin ruwa, me za a gina da su, kuma daga aljihun wa za a biya. Muddin ba a bayyana waɗannan a fili ba, gwamnati mai zuwa ma za ta ce wayam ta tarar da baitulmali, kuma malamin ƙauye ne zai sake komawa wurin mai kanti.