WIFI A ƘASAR ALAKOS: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya san Alakos, a arewacin gundumar Gure cikin jahar Damagaram, ya san ƙasa ce ta makiyaya da manoman hatsi, mai nisa da kwalta da wayar lantarki. A irin wannan wuri sadarwa ba abin ado ba ce: da ita ake jin farashin bisashe, a karɓi saƙon 'yan ci-rani, a kira mota idan haihuwa ta zo da gardama.

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar cikin watan Maris 2025, mutum guda na iya kafa faifan tauraron ɗan Adam da akwatin wifi, ya sayar wa maƙwabta intanet da awa. Alheri ne. Amma gari mai rijiya ɗaya da guga ɗaya, ranar da igiya ta tsinke kowa zai kwana da ƙishirwa.

Haɗari na farko lalacewar kaya ne. Zafin bazara yana cin batir, ƙurar hunturu tana rufe allon hasken rana, aradun damina kuwa tana ƙone akwati. Maganinsu sananne ne: a ajiye batir a inuwa mai iska, a riƙa share allo, a binne sandar ƙarfe a haɗa ta da kayan saboda aradu, a tanadi akwati na biyu. A kuma riƙe hanya ta biyu, wato layin salula na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Télécoms, inda rezo yake kamawa. Ko manyan ƙasashe ba su tsira ba: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke daura da Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Haɗari na biyu shi ne mugun mutum. Wifi iska yake bi, katanga ba ta tare shi. Ɓarawo yana iya buɗe wani rezo mai suna iri ɗaya da na gari, wanda ya shiga a kwashe lambobinsa na sirri. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, don kawai masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Saboda haka a sauya ta tun ranar farko, a yi ta doguwa. A bar tsohon kwaɗo WEP, wanda aka karya tun 2001, a yi aiki da WPA2 ko WPA3 na 2018. A riƙa sabunta manhajar akwati. Rezon gidan likita da na magajin gari a ware su daga na kasuwa.

Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma doka ba ta hawa tsani ta gyara eriya. Ya kamata kowane gari, daga Garazu zuwa ƙauyuka, ya horar da matasa biyu, ba ɗaya ba, waɗanda suka san gyara kuma aka amince da su. In kunne ya ji, jiki ya tsira.