FASHIN BAƘI: Yadda rufa-rufa ta karya ikon Cocin Katolika a Ireland

A ƙarshen watan Satumbar 1979, Fafaroma John Paul na Biyu ya jagoranci addu'a a filin Phoenix Park da ke Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ireland. Mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka yi dafifi a filin, a ƙasar da dukkan jama'arta ba su kai miliyan uku da rabi ba a lokacin. Bayan shekara 39, a Agustan 2018, Fafaroma Francis ya tsaya a wannan filin dai. An tanadi tikitin mutum rabin miliyan, amma waɗanda suka hallara ba su kai dubu 200 ba, kuma da neman gafara ya fara, bisa cin zarafin da limaman cocinsa suka yi wa yara da mata a ƙasar.

Laifukan da aka bankaɗo tsakanin waɗannan ziyarce-ziyarce biyu munana ne ƙwarai. Amma wanda ya bi rahotannin kwamitocin bincike ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa abin da ya fi ƙona wa mabiya rai shi ne shugabanni sun san da ɓarnar suka rufe ta, gwamnati da 'yan sanda, har ma da iyaye, suka taya su rufewa.

Inda ikon ya samo asali

Ireland ta yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wadda sarautarta ke bin ɗarikar Furotesta, har an taɓa yin dokokin da suka hana 'yan Katolika riƙe muƙamai da sayen filaye. Saboda haka riƙo da Katolika ya zama alamar kishin ƙasa, limamin coci kuma ya zama jagoran talakawa. Da aka samu 'yanci a 1922, sabuwar gwamnati ba ta da ƙarfin aljihu, sai ta bar makarantu da asibitoci da gidajen marayu a hannun coci: ita ke biya, shi ke gudanarwa. Kundin tsarin mulki na 1937 ya ba cocin matsayi na musamman, ya kuma haramta sakin aure. A tsakiyar shekarun 1970, kusan tara cikin kowane goma na 'yan Katolikan ƙasar suna zuwa coci duk mako.

Abin da ya faru a 1951 ya isa ya nuna girman wannan iko. Ministan Lafiya, Dokta Noël Browne, ya fito da shirin kula da lafiyar iyaye mata da yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta. Bishop-bishop, ƙarƙashin jagorancin Akbishop John Charles McQuaid na Dublin, suka ce shirin kutse ne cikin harkar iyali, ƙungiyar likitoci ma ta ƙi shi. Gwamnati ta bi bayan bishop-bishop, ministan ya ajiye muƙami. Ya dai buga wasiƙun da aka yi musanya a jarida kafin ya tafi, kowa ya ga wanda ke da wuƙa da nama.

Ɓaraka ta fara

A ziyarar 1979, lokacin da Fafaroma ya je Galway domin ganawa da matasa, mutum biyu ne suka riƙa zaburar da taro kafin isowarsa: Bishop Eamonn Casey da Fada Michael Cleary, dukkansu sanannu a rediyo da talabijin. A 1992 aka gano cewa Casey yana da ɗa da wata Ba'amurkiya, duk da alƙawarin ƙauracewa aure da mata da limaman Katolika ke ɗauka, kuma ya taɓa kuɗin coci wajen biyan ta. Ya yi murabus ya bar ƙasar. Cleary ya mutu a 1993, daga baya aka gano shi ma yana da 'ya'ya da matar da ke yi masa aikin gida.

A Oktoban 1992 ne kuma mawaƙiya Sinéad O'Connor ta yayyaga hoton Fafaroma kai-tsaye a wani shirin talabijin na Amurka, domin nuna fushi kan cin zarafin yara a coci. An yi mata ca, an kira ta mahaukaciya, sana'arta ta ja baya. Ita kanta ta yi zama a wani gidan horo na sistoci tana yarinya. Ta musulunta a 2018, ta rasu a 2023, lokacin da kusan kowa ya yarda cewa gaskiya ta faɗa tun da wuri.

Labarin Casey abin kunya ne. Na Fada Brendan Smyth kuwa ta'asa ce. Shekaru da dama yana lalata da ƙananan yara, manyansa suna sane, duk inda ƙorafi ya taso sai a ɗauke shi a kai shi wani coci, har zuwa Amurka. A 1975 an yi wani binciken cikin gida inda aka saurari yara biyu da ya ci zarafinsu, aka sa su rantsuwar cewa ba za su faɗa wa kowa ba, ba a kuma sanar da 'yan sanda ba. Matashin limamin da ya rubuta bayanan zaman, Seán Brady, shi ne ya zama Kadinal kuma shugaban cocin na Ireland baki ɗaya daga baya. Da 'yan sandan Ireland ta Arewa suka nemi a miƙa musu Smyth, takardar ta kwana wata bakwai a ofishin Antoni Janar a Dublin. Wannan jinkiri ne ya kifar da gwamnatin Firaminista Albert Reynolds a Nuwamban 1994. Smyth ya mutu a kurkuku a 1997.

Abin da rahotanni suka gano

Wata 'yar jarida, Mary Raftery, ita ce ta buɗe babbar ƙofa. A 1999 gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, ya nuna shirinta mai suna States of Fear, inda tsofaffin ɗaliban makarantun horo suka zauna gaban kyamara suka ba da labarin duka da yunwa da aikin ƙarfi da fyaɗe. Makarantun, irin su Artane da Letterfrack na ƙungiyar Christian Brothers, nan kotuna ke tura marayu da 'ya'yan matalauta, gwamnati tana biyan kuɗi bisa kan kowane yaro. Kafin a gama nuna shirin, a ranar 11 ga Mayu, Firaminista Bertie Ahern ya nemi gafara a madadin ƙasa. Kwamitin da aka kafa ya saurari shaidu fiye da dubu ɗaya, ya fitar da rahoton da ake kira Rahoton Ryan a Mayun 2009, mai kundi biyar. Ya ce lalata da yara ta zama ruwan dare a makarantun maza, kuma jami'an Ma'aikatar Ilimi da ya kamata su sa ido sun kasance masu rusuna wa masu makarantun. Ba a bayyana ainihin sunayen masu laifin a rahoton ba, domin Christian Brothers sun je kotu sun hana.

Bayan wata shida sai rahoton Mai Shari'a Yvonne Murphy ya fito, wanda ya binciki yadda shugabannin coci na Dublin suka bi da ƙorafe-ƙorafe a kan limamai 46 daga 1975 zuwa 2004. Wannan ne rahoton da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ya nuna yadda rufa-rufar ke aiki. Ya ce abin da shugabannin suka sa a gaba shi ne riƙe sirri da gudun abin kunya da kare sunan coci da dukiyarsa, lafiyar yara tana can baya. Tun 1987 suka sayi inshora saboda ƙararrakin da suka hango za a shigar, amma sai 1995 suka fara ba 'yan sanda sunaye. Wasu manyan 'yan sanda kuma, idan aka kawo musu ƙarar limami, Akbishop suke kai wa maimakon su buɗe bincike.

Rahoton ya kuma tona wata dabarar magana: mutum ya furta zance mai harshen damo da zai sa mai saurare ya fahimci abin da ba haka yake ba, shi kuma ya gamsar da kansa cewa bai yi ƙarya ba. Akbishop Desmond Connell ya taɓa shaida wa 'yan jarida cewa ba a amfani da kuɗin coci wajen biyan diyya, alhali ya riga ya ranta wa wani limami kuɗin cocin ya biya yaron da ya cuta. Da aka tambaye shi daga baya, sai ya ce ai “ba a yi” ya ce, bai ce “ba a taɓa yi” ba. Ɗalibin fiƙihu a nan zai tuna da tauriyya, wadda malamai suka ce ba ta halatta ga wanda zai danne haƙƙin wani da ita. Iyayen Dublin ba su buƙaci littafi ba kafin su gane an yaudare su.

Matan da aka ɓoye

Akwai ɓangaren da laifin bai tsaya kan coci ba. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko aka yi mata fyaɗe, ko aka ga kamar za ta jawo wa gida surutu, sau da yawa danginta ne ke kai ta da kansu gidajen da sistoci ke gudanarwa. A gidajen wanki da ake kira Magdalene, mata kimanin dubu goma ne suka yi aiki ba albashi daga 1922, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu hukumomin gwamnati ne suka tura su. Sai 1996 aka rufe na ƙarshe.

A garin Tuam, wata mai sha'awar tarihin garinsu, Catherine Corless, ta riƙa biyan kuɗi daga aljihunta tana karɓo takardun shaidar mutuwa, har ta tara na yara 796 da suka mutu a gidan renon sistocin Bon Secours tsakanin 1925 da 1961, ba tare da wata shaidar inda aka binne su ba. An ƙaryata ta da farko. A 2017 masu bincike suka tabbatar da tarin ƙasusuwan yara a wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke haɗe da tsohon ramin sokawe. Rahoton 2021 ya ce yara kusan dubu tara ne suka mutu a irin waɗannan gidaje 18. Mai karatu a arewacin Najeriya ba zai rasa tuna Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, akasarinsu kuma iyayensu ne suka kai su neman gyaran hali.

Me aka bari, me aka riƙe?

A Yulin 2011, bayan wani sabon rahoto kan yankin Cloyne, Firaminista Enda Kenny ya miƙe a majalisa ya zargi fadar Vatican da yunƙurin kawo wa bincike cikas, ya ce dokar ƙasa ce ke sama da dokar coci a Ireland. Kenny ɗan Katolika ne mai zuwa coci, kuma wannan ne ya ba jawabin nauyi. Yawancin waɗanda suka tono gaskiyar ma daga cikin gida suka fito. A 2012 aka yi dokar da ta mayar da ɓoye bayanin cin zarafin yaro laifi, ta 2015 kuma ta wajabta wa malaman makaranta da likitoci da limamai kai rahoto.

Ƙuri'un raba gardama sun nuna inda iska ke kaɗawa. A 1995 an halatta sakin aure da ratar ƙuri'a kusan dubu tara kacal. A 2015 kashi 62 suka amince da auren jinsi, a 2018 kashi 66 suka soke haramcin zubar da ciki, duk da adawar bishop-bishop. Ba abin kunyar ne kaɗai ya jawo haka ba: karatun sakandare kyauta tun 1967, da shiga Tarayyar Turai a 1973, da bunƙasar arzikin shekarun 1990, duk sun riga sun fara sassauta riƙon. Abin kunyar ya gaggauta tafiyar ne, ya kuma ƙwace wa bishop-bishop bakin magana.

Duk da haka, a ƙidayar 2022 kashi 69 na jama'a sun ce su 'yan Katolika ne, ƙasa da kashi 84 na 2011, waɗanda suka ce ba su da addini kuma suka kai kashi 14. Da dama suna kai 'ya'yansu baftisma, suna binne mamatansu ta coci, amma ba sa tambayar limami yadda za su kaɗa ƙuri'a. Kusan tara cikin goma na makarantun firamare har yanzu suna ƙarƙashin kulawar cocin. Batun diyya kuwa, yarjejeniyar 2002 ta taƙaita abin da ƙungiyoyin addini 18 za su biya a Yuro miliyan 128, alhali kuɗin da aka kashe ya kai kimanin biliyan ɗaya da rabi, mafi yawansa daga aljihun masu biyan haraji.

Ireland ce ta turo 'yan mishan da dama da suka gina coci-coci da makarantu a Najeriya, shi ya sa Waliyyi Patrick na Ireland ya zama waliyyin 'yan Katolikan Najeriya tun 1961. Yau limamai 'yan Najeriya ne ke cike gurbi a wasu coci-cocin Ireland saboda ƙarancin masu shiga aikin, kuma jakadan Vatican da ya tarbi Fafaroma Francis a 2018, Akbishop Jude Thaddeus Okolo, haifaffen Kano ne.

A Tuam, an fara tono ƙasusuwan yaran a Yulin 2025, aikin da ake sa ran zai ɗauki kimanin shekara biyu. Ana karɓar samfurin ƙwayoyin halitta daga dangi, waɗanda da yawansu sun manyanta, domin a gwada gane ko wane ne wane kafin a sake binne su.