Rera Waƙa da Murya Zalla

Idan kuna zaune a Dala ko wata unguwa ta Maiduguri, ku kasa kunne bayan sallar isha'i a watan Rabi'ul Awwal. Mai yiwuwa ku jiyo muryoyi daga masallaci ko zauren wani malami: mutum ɗaya ya ja baiti, jama'a su karɓa. Babu ganga, babu kalangu, babu algaita, amma ba wanda ya riga wani, ba kuma wanda aka bari a baya. Me ke riƙe da waɗannan muryoyi har su tafi tare? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na yau.

Ku sani, waƙar Hausa iri biyu ce. Akwai waƙar baka, wadda take tafiya da kiɗa, kamar ta Mamman Shata mai kalangu da ta Ɗanmaraya Jos mai kuntigi. Akwai kuma rubutacciyar waƙa, wadda tun asali da murya kaɗai ake rera ta. Malamai ne suka raya ta, domin su karantar da jama'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi wa'azi da waƙa. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta riƙa koya wa matan da ake kira jajis waƙoƙinta, su kuma su kai wa 'yan'uwansu mata a ƙauyuka. Wadda ba ta iya karatu ba, kunnenta ya ishe ta. A ƙarni na 20 kuma Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, ya tsara Imfiraji, har makafi suka riƙa rera ta a kasuwanni da tashoshin mota.

To, abubuwa uku ne suke maye gurbin kiɗa a irin wannan waƙa.

Na farko shi ne kari, wato ma'aunin waƙa. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, gajera da doguwa. A kalmar "gari", wurin zaman mutane, gaɓar farko gajera ce. A kalmar "gari" na tuwo kuwa, ana jan ta. Marubuci yana jera gajeru da dogayen gaɓoɓi bisa tsari ɗaya a kowane ɗango, wato layin waƙa. Wannan jeri shi ne gangar da ke ɓoye cikin kalmomi. Idan mai rerawa ya ja gajera ko ya datse doguwa, sai a ce waƙa ta karye.

Na biyu shi ne amsa-amo, wato sautin da baitoci suke ƙarewa da shi. Shi ne yake sanar da kunne cewa baiti ya zo ƙarshe, a shaƙi numfashi, a shirya wa na gaba.

Na uku shi ne jagora da 'yan amshi. Jagora ne yake zaɓar tsayin murya da saurin tafiya. Idan ya ɗaga murya fiye da kima, 'yan amshi za su gaji tun ba a je ko'ina ba. Idan ya yi ƙasa ainun, waƙar ta yi sanyi. Don haka ba mai zaƙin murya kaɗai ake nema ba, ana neman wanda ya san ƙarfin mutanensa.

Akwai kuma hanyar da malamai suke yi wa tsohuwar waƙa sabuwar riga ba tare da sun taɓa jikinta ba. Ita ce tahamisi, daga kalmar Larabci mai nufin biyar. Tsohon baiti yana da ɗango biyu. Sai wani mawaƙi ya ƙara ɗango uku a samansa, da kari iri ɗaya, suna amsa amon ɗangon farko, baiti ya zama mai ƙwar biyar. Ishiriniya da ake rerawa a lokacin Mauludi misali ce. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta da Larabci: kowane harafi da ƙasidarsa, kowace ƙasida baiti 20, abin da ya ba ta sunanta ke nan. Daga baya Ibn Mahib ya yi mata tahamisi. A Hausa kuma akwai Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne muke rera waƙa ba kiɗa. Turawa suna kiran wannan salo akafela, kalmar Italiyanci da ke nufin yadda ake waƙa a ɗakin ibada. Sukan kasa mawaƙa gida huɗu, daga siririyar muryar mata zuwa kakkaurar muryar maza, kowane gida da nasa zubin, a rera a lokaci guda. A 1962 aka kafa ƙungiyar Swingle Singers a birnin Faris, ta ɗauki kiɗan da Bak na Jamus ya rubuta wa kayan kiɗa tun kafin rasuwarsa a 1750, ta riƙa fitar da shi da baki. Bambancin shi ne, su suna ɗora muryoyi bisa juna, mu kuwa galibi zubi ɗaya muke bi, muna karɓa-karɓa.

Ga inda gizo ke saƙar. Takarda tana adana kalmomin waƙa, amma ba ta adana muryar da ake rera ta. Wannan daga baki take zuwa kunne. Yau mawaƙa da yawa sun koma situdiyo, inda fiyano da kwamfuta suke riƙe musu kari. Duk tsohon da ya rasu ba a koyi muryarsa ba, ya tafi da abin da ba a samu a littafi.

Ku kuma masu koyon Hausa, kuna da riba ta musamman a nan. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, amma waƙa ba ta ɓoye shi. Wanda ya saba rera baiti daidai, harshensa zai saba da jan abin ja da taƙaita abin taƙaitawa.

Aiki

1. Ku bayyana bambancin waƙar baka da rubutacciyar waƙa.
2. Ɗango nawa ake ƙarawa a tahamisi, kuma a ina ake sa su?
3. Ku nemi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ku roƙe su cikin ladabi su rera muku baiti biyu na wata tsohuwar waƙa, ta Hausa ko ta harshenku. Ku koya, ku zo aji, ɗaya ya ja, saura su amsa.