Safar Hannu, Takunkumi da Ran Ma'aikacin Asibiti

 Shirinmu na musamman na yau zai leƙa cikin asibiti ne, wurin mutanen da ke tsaye a kan marasa lafiya dare da rana, domin jin abin da ke tsare su daga cutar da suke yaƙa.

A watan Janairun 1969, wata nas 'yar Amurka mai suna Laura Wine, da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya da ciwon maƙogwaro. Duk maganin da aka ba ta bai yi aiki ba. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, asibitin mishan ɗin nan da mutanen gari ke kira Jankwano, a can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kwanta, ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, sai da aka kai ta Amurka kafin ta sha da ƙyar. Shekara guda bayan haka likitar asibitin Jos ɗin, Dakta Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ba ta tashi ba.

Da rayukan ma'aikatan asibiti duniya ta san zazzaɓin Lassa. Asalin cutar daga wani nau'in ɓera ne, wanda fitsarinsa da kashinsa ke gurɓata abinci da kayan gida. Amma da zarar ta shiga jikin mutum, jininsa da amansa da fitsarinsa suna iya kai ta ga wani, kuma wanda ya fi kusa da waɗannan abubuwa shi ne mai ba da magani.

Babban hatsarin shi ne yadda take zuwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin komai, ko kuma su ji ɗan zazzaɓi ya wuce. Waɗanda ta kwantar kuwa, a kwanakin farko babu abin da ya bambanta su da mai zazzaɓin cizon sauro ko taifot: jiki zafi, ciwon kai, kasala, amai. Nas ɗin da ta ga irin wannan sau talatin tun safe, me zai sa ta tsargu da na talatin da ɗaya? Ta kama hannu ta nemi jijiya, ta sa ƙarin ruwa, ta goge jinin da ya ɗiga, ta wuce gado na gaba.

Haka aka yi a Legas a 2014, da wata cutar da ta fi wannan muni. Ranar 20 ga Yuli, wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya jiki ba daɗi, aka kai shi asibitin First Consultant da ke Obalende, aka fara yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ce ta ga alamun sun wuce haka, ta yi zargin Ebola, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata a kan a bar shi ya tafi taron ECOWAS a Kalaba. Wannan tsayuwa tata ta tare cutar daga bazuwa cikin birnin da ke da miliyoyin mutane. Mutum 20 suka kamu a Najeriya gaba ɗaya, 8 suka rasu. A cikin 20 ɗin, 11 ma'aikatan lafiya ne, kuma mafi yawansu sun ɗauka ne a kwanakin farko, tun ba a tabbatar da abin da ke damun mutumin ba. Dakta Adadevoh ta rasu ranar 19 ga Agusta. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Kano ma ta ɗanɗana. A farkon 2020, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya rasa likitoci biyu sanadiyyar Lassa, bayan tiyatar da aka yi wa wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba.

Wannan ne ya sa masana suka tsaya a kan ƙa'ida guda: jinin kowane majinyaci, da duk wani ruwan jikinsa, a ɗauka akwai cuta a ciki, ko an gwada ko ba a gwada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sakamakon ɗakin gwaji kafin ya sa safar hannu, sau da yawa sakamakon yakan iso ne bayan aikin gama ya gama.

Kayan kariya iri-iri ne, kuma aikin da za a yi shi ke nuna wanda za a ɗauka. Ɗibar jini na buƙatar safar hannu. Ungozomar da za ta karɓi haihuwa tana buƙatar ƙari: rigar leda a gaba, takunkumi, tabarau ko garkuwar fuska, da takalmin roba, saboda jini da ruwan mahaifa na fantsama, kuma ido da baki ƙofofi ne a buɗe. Mai duba masu tarin fuka kuwa takunkumin tiyata bai ishe shi ba, sai irin N95, wanda ke tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, shi ma sai ya zauna daram a fuska ba tare da iska na kutsawa ta gefe ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin tuɓewa. Ma'aikaci ya fito daga ɗakin killacewa bayan awa guda cikin riga mai rufe ko'ina, ga zafin watan Afrilu, gumi ya jiƙa shi sharkaf, tabarau ya yi hazo, babu abin da yake so sai ya yage kayan ya sha iska. Alhali bayan rigar da bayan safar duk cutar na manne a kai. Don haka akwai tsari. Da hannu mai safa yake tsunkule bayan ɗaya safar daga wuyan hannu, ya zare ta a juye, ya dunƙule ta cikin tafin da ke da safa. Sannan ya zura yatsa ta ƙarƙashin ta biyun, inda ke taɓa fata, ya juyo ta ta haɗiye ta farko. Rigar ma a juye ake naɗe ta, nesa da jiki. Takunkumi ta igiya ake cire shi, ba a taɓa gabansa. A cibiyoyin Ebola har mutum guda ake ajiyewa, aikinsa kawai ya tsaya yana kallo yana faɗin mataki ɗaya bayan ɗaya, domin hannu ɗaya da ya kai ga ido cikin mantuwa ya isa.

Sai wanke hannu, wanda ya girmi duk sauran. A 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɓangaren da likitoci da ɗalibansu ke zuwa kai tsaye daga ɗakin gawa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗi daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa kusan 2. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke da sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko a murza sanitaiza na daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa shi, har ma bayan an taɓa gadonsa kawai. Safa ba ta maye gurbin wannan. Wanda ya zagaye gadaje goma da safa ɗaya ya kare hannunsa ne, ya raba wa mutum goma abin da ya kwaso.

Allura ma tana da nata. Mayar da murfi a kan allurar da aka yi amfani da ita, da hannu biyu, yana cikin hanyoyin da ma'aikata suka fi sokewa. Wurinta akwatin kwali mai kauri da ake ajiyewa kusa da gado. Idan allurar ta fito daga mai ciwon hanta nau'in B, yiwuwar kamuwa na iya kaiwa kashi 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Ta ƙanjamau kusan 3 ce cikin 1,000, kuma akwai maganin da ake sha na kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72. Ɓoye sukar allura don kunya ko tsoron faɗan oga yana cinye waɗannan awanni a banza.

Zalunci ne kuwa a ɗora nauyin duka a kan ma'aikaci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin ruwa da sabulu ko sanitaiza. Masu sauraro da yawa sun san takardar da ake miƙa wa dangin mai naƙuda, su je kemis su sayo safar hannu da auduga kafin a fara aiki. A irin wannan wuri, nas ɗin da aka kawo wa mai zubar da jini da tsakar dare tana tsakanin abu biyu ne: ta jira safa, ko ta sa hannu haka nan. Yawancinsu sa hannu suke yi. Samar da ruwa da safa da akwatin allura haƙƙi ne a kan gwamnati da masu asibiti.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su ranar horarwa: masu shara da goge-goge, masu wankin zannuwa, masu tura gado, masu aikin ɗakin gawa. Su ne ke kwashe amai da jini, su ne allurar da aka jefa kwandon shara ke soka. Ga kuma masu jinya, uwa ko ƙanwa da ke kwana a tabarma gefen gado, tana zubar da fo, tana wanke zanen da ya ɓaci da hannu tsirara. Ita ma ta cancanci a ba ta safa, a nuna mata inda sabulu yake.

Lassa ta fi tashi ne da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, musamman idan ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, abin a ware mai shi ne a gefe, a ƙara kayan kariya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya tana da layin kira kyauta, 6232, ga ma'aikatan asibiti da sauran jama'a.