Kwaɗon da Bai Taɓa Ganin Kududdufi Ba

A wurinmu kwaɗo ɗan damina ne. Ruwan farko na sauka, dare ya cika da kukansu, har yara kan rantse cewa daga sama suka faɗo tare da ruwan. Ba daga sama suka zo ba: suna nan tun rani, a binne cikin laka, suna jiran ƙasa ta jiƙe. To amma akwai wani kwaɗo a bakin tekun Atlantika, inda Afirka ta Kudu ta haɗu da Namibiya, wanda ba ruwansa da kududdufi tun daga ƙwai har mutuwa. Masana suna kiransa Breviceps macrops, sunan da George Boulenger ya raɗa masa a 1907.

Gidansa wani siririn zirin tuddan yashi ne da ya bi gaɓar teku daga wajejen Lüderitz a Namibiya, ya tsallake Kogin Orange, ya gangara ta Port Nolloth zuwa yankin Kleinzee. Duka faɗin wurin bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, kuma ruwan saman da ke sauka a shekara bai cika milimita 100 ba. Abin da ke raya shi hazo ne. Kada mai karatu ya kawo hazon hunturu a ransa, wanda ke fasa leɓe da dunduniya. Wannan hazo ne mai laima, wanda igiyar ruwan sanyi ta Benguela ke haifarwa, iska ta koro shi kan tudu cikin dare fiye da kwana 100 a shekara. Yashi ya tsotse laimar, shi kuma kwaɗon ya tsotsa daga yashi ta fatarsa.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da gari ya waye sai kwaɗon ya sa ƙafafunsa na baya, masu faɗi da fata tsakanin yatsu, ya yi ta tona da baya-baya har ya nutse kimanin santimita 10 zuwa 20, inda yashi ke da sanyi da danshi. A nan yake wuni. A ƙarƙashin ƙasa kuma macen ke saka ƙwai, 'ya'yan su gama girma cikin ƙwan su fito da siffar iyayensu, ba tare da sun bi ta matakin nan na 'yan mitsi-mitsi masu jela da ke iyo a ruwa ba.

Siffarsa abin dariya ce, kuma ba raini a faɗin haka. Dunƙulalle ne kamar curin fura da aka mirgina a gari, don kullum jikinsa a lulluɓe yake da yashi, tsawonsa bai wuce santimita 4 zuwa 6 ba. Idanu ƙwala-ƙwala, baki a turɓune. A cikinsa akwai wani wuri da fata ta yi shara-shara har ana hango kayan ciki. Ba ya tsalle, sai tafiya tinƙis-tinƙis yana farautar ƙwari da tsutsotsi. A danginsu namiji ƙarami ne ƙwarai, hannuwansa ba sa iya zagaye mace, sai wani ruwa mai danƙo ya manna su lokacin barbara. In an tsokane shi kuwa, sai ya kumbura ya saki wata 'yar siririyar ƙara, shi a dole ya fusata. Wannan ƙarar ce ta sa wani bidiyonsa ya zagaye duniya a 2013, miliyoyin mutane suka kalla suna ƙyalƙyala dariya.

Suna dai ya yi, amma sunan bai taimaki masu ƙidaya da komai ba. Ta yaya za a ƙirga abin da ke kwana a sarari ya wuni a binne? Ba tafkin da za a je a tarar da su sun taru, yadda ake yi wa sauran kwaɗi. Masu bincike, irin su Alan Channing da ya daɗe yana nazarin kwaɗin kudancin Afirka, sai sun koma ga sana'ar mafarauta: bin sawu. A fita da tocila a daren da hazo ya sauka, a kasa kunne ga fiton da mazan ke yi, da asuba kuma a bi 'yan layukan sawunsa a kan yashi kafin iska ta share. Inda sawun ya yanke, nan ya nutse. Aiki ne na haƙuri, kuma a ganina ya fi duk wani bidiyo amfani, domin rashin sawu a tudun da aka saba ganinsa shi ne labarin farko cewa wani abu ya lalace. Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazana a 2004, daga baya ta sassauta bayan an sake auna wuraren da yake. Irin wannan hukunci ƙarfinsa daidai yake da yawan tuddan da aka taka da ƙafa.

A wata tsohuwar tatsuniyarmu, kwaɗo ne ya amayo wa marainiya tufafi da kayan ado, sakayyar ƙanzon da take ba shi. Wannan na hamada shi ma a kan dukiya yake zaune, sai dai ita ce masifarsa. A 1908 wani lebura mai suna Zacharias Lewala ya tsinci lu'ulu'u kusa da Lüderitz, kuma a shekarun 1920 aka gano shi a gaɓar Namaqualand. Lu'ulu'un yana cikin tsakuwar tsohuwar gaɓar teku, ƙarƙashin yashi, don haka sai an kwashe tudun ɗungurungum kafin a kai gare shi. Ana iya mayar da yashi bayan an gama, amma ciyayin da ke riƙe shi da ƙwarin da ke cikinsa ba sa dawowa da wuri. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa kuwa sai an yi dubu.

Abin mamaki, shingen masu haƙar ne kuma ya tsare wani sashe. Tun 1908 Jamusawa 'yan mulkin mallaka suka haramta shiga yankin da ake kira Sperrgebiet, saboda tsoron ɓarayin lu'ulu'u, ba don son kwaɗo ba. Tuddan da ba a tona ba suka shekara ɗari babu garke, babu gini, babu motocin masu yawon shaƙatawa, har Namibiya ta mayar da wurin gandun daji na ƙasa. Yanzu da haƙar ta ja baya a wurare irin su Kleinzee, shinge na buɗewa, ana maganar gidajen hutu a bakin teku, da sabuwar tashar jiragen ruwa a Boegoebaai, da manyan ayyukan makamashi a kudancin Namibiya. Duk a kan wannan ziri ɗaya ake zana taswirarsu.