Ƙwayar halitta guda ce ke ƙera gashin tsutsar teku, daga tsini zuwa gindi

Duk wanda ya taɓa shafa tana daga wutsiya zuwa kai ya san akwai ɗan kaushi a jikinta. Wasu gajerun gasu ne masu tauri, da su take kafewa a cikin ƙasa idan tana tafiya. Danginta na cikin teku sun fi ta gashi nesa ba kusa ba. Nau'insu ya haura 10,000, kuma a galibinsu kowace gaɓa ta jiki tana da ƴan ƙafafu biyu, kowace ƙafa da damin gashi da ake iyo ko rarrafe ko tono da shi.

Gashi dai a suna kawai. Da sinadarin kitin aka yi shi, wanda ke sa ɓawon fara tauri, sai dai irin na tsutsar ya fi na fara laushi da lanƙwasuwa.

A shekarar 2024 wata tawaga ƙarƙashin Florian Raible na Jami'ar Viyana a ƙasar Ostiriya, tare da masana daga Helsinki da Brno, ta wallafa bincike a mujallar Nature Communications kan yadda wannan gashi ke tsirowa. Tsutsar da suka duba ita ce Platynereis dumerilii, wadda ba ta wuce ƴan santimita ba, kuma an daɗe ana kiwonta a ɗakunan bincike na Turai. Gashinta ba sili ne miƙaƙƙe ba. Yana da ƙota, da gaɓa mai motsi, sannan ruwa kamar na wuƙa mai jerin haƙora irin na zarto, waɗanda ido ba ya gani.

Abin mamakin shi ne ƙwayar halitta guda ɗaya tal ce ke zana wannan siffa duka. Tana zaune a can ƙasan wani rami a cikin ƙafar, kuma a samanta akwai ƴan yatsu sirara a jere. A jikin waɗannan yatsu ake haɗa kitin, yana taruwa a kewayensu yana daskarewa. Da sabon kitin ya fito daga ƙasa, sai ya tura wanda ya riga shi zuwa waje. Saboda haka tsinin gashin ne ke fara samuwa, sai tsakiya, gindi ne na ƙarshe. Yatsun kuwa suna barin sawunsu: idan aka yanka gashin aka duba da na'urar ƙara girma mai aiki da elektiron, za a ga cikinsa duk ramuka ne dogaye a jere da juna.

Masu binciken sun kwatanta aikin da na'urar buga kaya ta 3D. Injin murza taliya ma ya isa misali, amma da bambanci babba. Bakin injin taliya ba ya sauyawa, shi ya sa taliyar ke fita iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ita wannan ƙwaya tana sauya bakinta ana cikin aiki: yatsu su ƙaru, su ragu, wasu su miƙe, wasu su janye. Kowane sauyi yana fitowa a jikin gashin. Haƙori ɗaya na ɗaukar minti 30 zuwa 40 kafin a soma na gaba, gashin kuma yakan kammala cikin kamar kwana biyu. Mai bin gashin daga tsini zuwa gindi yana karanta abin da ƙwayar ta yi ne, sa'a bayan sa'a.

Wannan ya shafi masu rarrabe dabbobi kai tsaye, domin tun da daɗewa da siffar gashi suke bambance nau'in tsutsa da wani, har ma da ƙiyasta dangantakarsu. Yanzu an fara fahimtar daga ina siffar take fitowa.

Batun amfani a asibiti kuma sai a bi shi a hankali. Irin wannan kitin mai laushi ana samun sa a jikin wasu dabbobin teku, ana kuma gwada shi wajen haɗa abin rufe rauni. Tawagar Viyana na fatan wata rana a kwaikwayi dabarar ƙwayar a ƙera ƙananan kayan likitanci. Fata ne tukuna, domin abin da aka gano shi ne yadda yatsun ke motsi. Abin da ke ba su umarnin lokacin miƙewa da lokacin janyewa shi ne aikin da ke gaban masu binciken.