Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Harsashi

A dajin Verdun na Faransa, inda aka gwabza yaƙi da Jamusawa a 1916, har yau ƙasa na fito da kwanson harsashi. Mai na'urar gano ƙarfe in ya tsinci ɗaya, gindinsa zai duba. Nan masana'anta take buga harufanta da lambar shekara. Ka goge lakar, ka ga 16, to a 1916 aka ƙera shi. Jamusawa har watan suke bugawa. Tagulla ba ta cin tsatsa kamar baƙin ƙarfe, shi ya sa rubutun bai goge ba.

Abin tsoro a wannan daji shi ne bama-baman da ba su fashe ba, waɗansunsu ɗauke da iskar guba. Dokar Faransa ta 1989 ta hana neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe sai da izinin hukuma.